Lamba Tara Sau Biyu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano,
20 ga Afrilu, 1999.

Zuwa ga maigidana, Baban Hafsat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya tarin da Malam Audu direba ya ce ya ji kana yi ranar da ya kai maka kaya? Yaya haƙuri da inda suka ajiye ka? Inna tana gaishe ka, Hafsat kuma ta ce a faɗa maka haƙorinta na gaba ya fita.

Ina kuma gaida ma'aikacin da zai buɗe takardar nan kafin ta kai hannunka. Malam, don Allah in ka ga kalmar "kashe" a ciki, hita ake nufi, ba mutum ba. Irin wannan karatun abokan aikinka suka yi wa littafin aikin mijina, suka ga an rubuta "7 KUNNA, 8 KASHE", suka ce asirin masu juyin mulki ne. Yau watansa goma sha tara a hannunku.

Baban Hafsat, ƙanwarka Lami ta sauka ranar Alhamis. Mace ce, bakwaini, kilo ɗaya da 'yan kai. Ka fi ni sanin abin da wannan yarinya take a wurin Lami bayan shekara tara da aure da ɓari uku. An zaga manyan asibitoci ba a sami kwalbar ɗumama jarirai da ba kowa a ciki ba, don haka tana asibitin Dakta Shehu a Tarauni, cikin kwalbar da ni da kai muka ƙera a shagonmu. Dakta ya ce ko an sami wuri yanzu, ba za ta jure hanya ba.

Kwalbar tana da matsala. Da safe lafiya ƙalau, ɗumi yana tsaye a talatin da shida da rabi. Amma da rana ta take, kwanon ɗakin ya ɗau zafi, sai lambar ta fara hawa, hitar kuma ba ta sassautawa. Sista Jummai ce ta lura ranar Asabar, ta kashe da hannu. In aka bar ta a kashe kuma, yarinyar ba ta da tsokar da za ta riƙe ɗumi. Saboda haka kullum daga sha biyu zuwa bayan la'asar ina zaune gaban gilashin, idona a kan lamba, yatsana a kan makunni. Na canja ma'aunin zafi, na canja wayoyi, na bi kowane haɗi da mita. Duk lafiyarsu ƙalau. Abin da ya rage shi ne ɗan aike.

Bari in yi wa mai karanta mana wasiƙa bayani, ko ya bar ta ta wuce. A cikin ƙwaƙwalwar kwalbar mijina ya gina wata 'yar kwamfutar ƙarya, furogiram ce kawai, muna ce mata ɗan aike. Ba ya jin magana sai lamba. Mu muna rubuta umarni da suna, KUNNA, JIRA, AUNA, to duk lokacin da za mu haɗa furogiram ɗin, akwai wani ƙaramin furogiram, mai rabon lamba, da yake bin jerin sunayen daga sama yana ba kowanne tasa. Ɗan aike ya ga bakwai, ya kunna hita. Asirin ke nan gaba ɗaya, Malam, wallahi babu gwamnati a ciki.

Ga roƙona. Ka zauna ka tuno umarni ashirin da huɗun nan da lambobinsu yadda suke a littafinka, ka rubuto mini ta hannun Malam Audu. Ina so in gwada da waɗanda kwamfuta take ba ni yanzu. Na san kanka, ba ka manta lamba sai ranar aurenmu.

Gari ba a maganar komai sai miƙa mulki, ana cewa in farar hula suka hau za a buɗe muku ƙofa. Allah Ya sa. Amma saura kwana talatin da tara, ni kuwa la'asar ɗin gobe nake tsoro.

Ka huta lafiya. Taka har kullum,
Kubura.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano,
28 ga Afrilu, 1999.

Zuwa ga maigidana, Baban Hafsat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa. Yaya jiki, yaya zafin gari a can? Allah Ya ƙara maka haƙuri, Ya kawo ƙarshen wannan zama. Mutanen gida duk suna lafiya, in ka cire ni.

Malam Audu ya dawo hannu wofi. Ya ce ka rubuta, amma an ce takarda mai lambobi ba za ta fita ba. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da ya tayar da mota.

Ranar Litinin saura ƙiris mu rasa ta. Na tashi yin azahar na bar wa Sista Jummai gadi, sai aka kawo mai naƙuda aka kira ta. Minti goma sha biyar ne kacal. Na dawo na tarar da talatin da tara. Yarinyar ta yi jajawur, ta saki jiki, ƙirjinta ya tsaya. Dakta ya yi ta murza mata baya da yatsa biyu har ta ja numfashi. Ni ina tsaye da carbi a hannu, na kasa tuna ko addu'a ɗaya. Tun ranar a gaban gilashin nake salla, ina sallama ina waiwayen lamba.

Lami tana bakin ƙofa lokacin, ba a bar ta ta shiga ba. Har yau ba ta taɓa ɗaukar 'yarta ba, sai dai ta tatsi nono a kofi, ta sa yatsa ta ƙaramar taga ta shafi ƙafarta. Ba ta san kwalbar ce ke da laifi ba, ta ɗauka raunin bakwaini ne. Ita da Inna suna ta sa mini albarka, wai ba a taɓa ganin matar wa mai zumunci irina ba, kullum ina zaune a rana saboda 'yar ƙanwar miji. Duk albarkar da suka sa sai in ji kamar an ɗora mini buhu.

Akwai abin da na ɓoye maka a takardar farko. Na taɓa furogiram ɗin. A watan Disamba Dakta ya ce kunnawa da kashewa kai tsaye yana sa ɗumi tsalle, yana so hitar ta riƙa hawa da sauka a hankali. Sai na ƙara umarni biyu, SAMA da ƘASA. A ƙarshen jeri na sa su, kamar yadda kake ta nanatawa, don kada lambobin na sama su gusa. Na haɗa, kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, na goge ƙwaƙwalwar na zuba sabon. Na gwada kwana uku, komai daidai. Har daɗi na ji, na ce in ka fito zan nuna maka cewa ba riƙe maka waya kaɗai na iya ba.

Ban sani ba ko wannan ne. Na karanta jerin da ƙarfi har Hafsat ta haddace shi tana rerawa a tsakar gida. Ashirin da shida ne, babu wanda ya maimaitu a kunnena. Tsohon furogiram ɗin yana cikin faya-fayan da suka kwashe tare da kai. Ƙwaƙwalwa kuma guda ɗaya ce tak, na zaga Sabon Gari har takalmina ya tsinke ban sami irinta ba, wai sai an aika Legas.

Ka yafe mini abin da zan faɗa. Duk kwanakin nan na zargi waya, na zargi hita, na zargi kaina, amma ban taɓa zargin mai rabon lamba ba, don hannunka ne ya rubuta shi. Yau na daina yi masa kara. Zan rubuta wani furogiram, mai gadi, wanda zai tsaya bayansa duk lokacin haɗi ya duba abu uku: kada biyu su ci lamba ɗaya, kada a tsallake lamba, kuma yawan lambobi ya zo daidai da yawan sunaye. In ɗaya ya saɓa, ya tsayar da haɗin. Da safe kaɗai nake da lokaci, in akwai wuta. Me ya sa ba mu yi wannan tun farko ba, Injiniya? Mu biyu da digirinmu.

Ka yi mana addu'a, ka fi mu lokacinta. Ba a raɗa wa yarinyar suna a taro ba, mahaifinta ya yi mata huɗuba da Safiyya ta jikin gilashi.

Matarka mai kewarka,
Kubura.

Tarauni, Kano,
3 ga Mayu, 1999.

Zuwa ga maigidana, Baban Hafsat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, tarin kuma ya yi sauƙi. Daga barandar asibiti nake rubuto maka, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Na gano shi. Ranar Asabar da hantsi na gama mai gadi, na sa haɗi. Bai yi minti ɗaya ba ya tsaya cak, ya rubuto cewa sunaye ashirin da shida ne, lambobi ashirin da biyar. A ƙasa ya jero layi biyu: KASA, tara. KASA, tara.

Ka tuna KASA naka, wanda yake kasa jimlar awo gida huɗu don a sami matsakaici? Shi ne lamba tara. Nawa kuma ƘASA ne, na rage wuta. Da yake allon kwamfuta ba shi da ƙa mai lanƙwasa, na buga K'ASA da 'yar alama a sama, yadda muke yi a kowace takarda. Ashe mai rabon lambarka yana zubar da duk abin da ba harafi ba kafin ya duba suna. Ya zubar da alamar, ya ga KASA, ya ce ai wannan yana da lamba, ya ba shi tara. Duk lokacin da zafi ya yi yawa aka ce wa ɗan aike ya rage wuta, sai bawan Allah ya zauna yana lissafi. Lokacin sanyi na gwada, ba a taɓa buƙatar ragewa ba. Bakina kuwa bai taɓa haɗa kasa da ƙasa ba, wane Bahaushe ne zai haɗa? Shi ya sa na karanta sau ɗari ban ji komai ba.

Na ji haushinka, kai da ka dage sai umarninmu sun zama da Hausa don 'yan baya su gane. Daga baya haushin ya dawo inda ya dace. Kai ka bar ƙofa a buɗe, amma ni na zuba abin a ƙwaƙwalwa, na kai asibiti, na ce wa Dakta na gwada.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Na mayar da naka RABA, nawa SAUKA, mai gadi ya ƙirga ashirin da shida da ashirin da shida ya bar haɗin ya wuce. Wahalar ita ce sai an cire ƙwaƙwalwar an goge ta da hasken wata fitila ta musamman, an zuba sabon, an kuma gwada kwalbar ba kowa a ciki har zafin rana ya wuce. Wannan karon na rantse ba zan gwada a kan mutum ba. Dakta ya ce to sai dai uwar ta riƙe ta a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe su. Ya ce shi zai gaya wa Lami cewa gyaran yau da kullum ne. Na ce a'a.

Jiya da safe na same ta a gadonta na faɗa mata komai. Na ce ranar Litinin ɗin nan ba raunin Safiyya ba ne, kuskurena ne, kuma zaman da nake yi a gaban gilashi ba zumunci ba ne kaɗai, tsoro ne. Ina jira ta yi ihu ko ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ta dube ni kawai, irin kallon da kake yi in an faɗa maka abin da ba ka so, sannan ta juya fuska bango.

Malam Audu ya kwaso mini kwamfuta da fitila a mota, muka jona a janareta. Ƙarfe goma Sista Jummai ta ciro yarinyar ta ɗora wa Lami a ƙirji. Kwananta goma sha takwas a duniya, sai jiya uwarta ta ji nauyinta. Lami ba ta motsa ba awa shida, ko ruwa sai da aka ba ta a baki. Ni kuma ina gefe da gorar ruwan ɗumi a cikin kwalba maimakon jariri. Ƙarfe biyu da kwata lambar ta taɓa talatin da bakwai. Hannuna ya tafi makunni da kansa, na riƙe shi da ɗayan. Sai jar fitilar hita ta dusashe a hankali, lambar ta tsaya, ta dawo talatin da shida da rabi. Sau biyar ta yi haka kafin la'asar.

Dakta ya ce a mayar da ita, don Lami ba za ta iya kwana a zaune ba, ɗinkinta bai warke ba. Da wane baki zan ce wa matar nan ta sake sa 'yarta a abin da na ce mata ya kusa kashe ta? Sista Jummai ta miƙa hannu, Lami ta ƙi ba ta. Har na fara tunanin inda za mu nemi motar kai yarinyar wani asibiti. Sai ta miƙe da ƙyar, dafe da yarinyar, ta zo gaban kwalbar ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko da Hafsat ce zan sa ta a ciki. Na ce zan sa. Da hannunta ta kwantar da ita, da hannunta ta rufe.

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Yanzu ƙarfe uku saura, rana tana dukan kwano, ina jiyo kukan Safiyya daga nan.

Allah Ya fito mana da kai lafiya. Inna da Hafsat suna gaisuwa.

Ni ce matarka,
Kubura Isyaku.