Kantocin ɗakin Baba

Yaya,

Na wuce aiki kafin ka dawo. Kar ranka ya ɓaci in ka leƙa ɗakin Baba. Kantocin nan masu harhaɗawa da ka ɗora kan juna jiya, na sauke su, na jera a jikin bango yadda suke da.

Wallahi aikinka ya yi kyau, ɗakin ya buɗe sosai. Sai dai mun manta da idonsa. Da safen nan na tarar da shi tsaye yana lalube, yana neman rediyonsa inda ya saba ajiyewa, har ya buge gwiwa. Ka san halinsa, bai yi ƙorafi ba. Dariya ma ya yi, wai ya zama baƙo a ɗakinsa.

Na shafa masa magani, ciwon ba wani babba ba ne.

Don Allah kar ka taɓa komai sai na dawo. Mu ɗora su tare da shi, ɗaya bayan ɗaya, hannunsa a kai. Mu ne ɗakin ya yi wa kaɗan, Yaya. Shi da hannu yake ganinsa.

Ƙanwarka