Ɗakin Karatun da Ke Kwantar da Kowa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi yara huɗu na shiga makarantar manya na koyi riƙe biro. Shi ya sa ba na wasa da karatun 'ya'yana.

Babbar 'yata za ta sake rubuta jarrabawar shiga makarantar jinya. Bara ta faɗi. Babanta ya ce in ta sake faɗuwa magana ta ƙare, ta tafi shagon ƙanwarsa ta koyi ɗinki. Ni ban raina ɗinki ba, amma yarinyar nan tun tana ƙarama take ɗaure wa kajina ƙafa da tsumma, wai ta yi musu aiki.

Sai na ce bana babu abin da zai raba mata hankali. Na kwashe kayan sito na mayar mata da shi ɗakin karatu. Tagar tana kallon layi, samari na wucewa, masu talla na ihu. Da yake babanta kafinta ne, na sa ya buge ta da katako, ya bi gefe-gefe ya cusa soso. Ya yi aiki mai kyau, ko tururuwa ba ta samun hanya. Na rataya labule mai kauri, na shimfiɗa tsohon kafet. Ƙwan lantarki na zaɓi ƙarami mai ja-ja, don na ji an ce haske mai ƙarfi yana cinye ido. Tun da rana nake kunna mata maganin sauro na hayaƙi. In an ɗauke wuta kuma janareta na nan a lungun ƙofarta, inda ɓarawo ba zai hango shi ba.

To Anti, tana shiga da littafi sai hamma. Kafin na gama wanke-wanke ta kifa kai a kan tebur. Ta fito ido jajir, wai kanta na sarawa, ƙannenta ko gaishe ta suka yi sai ta hau su da faɗa. Amma a tsakar gida garau take, har da waƙa. Na ce ƙarya ce, ko waya ce, ko kuma, Allah ya tsare, ƙwayoyin nan da yara ke sha.

Na ɗauki kujera na shiga gadinta. Wallahi ban san lokacin da barci ya sace ni ba, ita ce ma ta tashe ni, wai girkina yana ƙonewa. Babanta ya ce mu mata ba mu iya tsawa ba, ya shiga da kansa a fusace. Da shiru ya yi yawa na leƙa, na tarar da shi a jingine da bango yana minshari, fensir a kunne. Surukata Hajiya ta ce ai wannan ba na lafiya ba ne, akwai abin da ke zaune a ɗakin. Ta kawo wani turare muna turarawa safe da yamma. Yanzu ko kyanwar gidan ba ta shiga, Hajiya ta ce alamar maganin yana ci ke nan.

Yarinyar tana roƙona in bar ta ta yi karatu a baranda, na hana, don a nan kowa ke wucewa. Jarrabawa ta matso. In sa kwaɗo in riƙa kulle ta a ciki ne, ko in kai ta a gwada jininta?

Uwa mai fargaba

*

'Yar'uwa, ajiye kwaɗon nan tukuna.

Ki san cewa kin burge ni. Ba kowace uwa ce za ta kwashe sito sukutum saboda karatun 'ya ba. Sai dai abin da ku da maigida kuka gina, buhun masara ma in ya kwana a ciki zai tashi da ciwon kai. Hajiya ta yi gaskiya, akwai abin da ke zaune a ɗakin: hayaƙi ne, da ƙurar kafet, da numfashin jiya da bai sami hanyar fita ba. Ƙwaƙwalwa na son iska mai tsabta. Ido kuwa in ya ga duhu-duhu sai ya gaya wa jiki dare ya yi, a kwanta. Mutum uku sun shiga, ukun sun ɓingire, kyanwa ta ƙi. A gidanku ita kaɗai ta yi bincike.

Maganar janareta ba ta wasa ba ce. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci, ba tare da ya ji komai ba. Yau ɗin nan a fitar da shi fili, nesa da ƙofa da taga.

Sannan maigida ya ɗauko hamarsa ya cire katakon, ya buga ragar sauro a madadinsa. A ja tebur kusa da taga, a sa farin ƙwai mai haske, a fitar da kafet ya sha rana. Turaren Hajiya ki karɓa da hannu biyu ki gode, ki turara a tsakar gida.

Damuwarki game da hayaniya da waya ba shirme ba ce. Ku yi yarjejeniya: wayar ta zauna a hannunki lokacin karatu, ita kuma ta zaɓi wurin zamanta, ko da barandar ce. In ta gaji ta miƙe ta zaga, ta sha ruwa. Idan an yi duk wannan ciwon kan bai tafi ba, ki kai ta asibiti a duba idonta da jininta, amma a matsayin mara lafiya, kar ki kai ta kamar wadda aka kama.

Kuma ki faɗa mata da bakinki cewa kin gane ba lalaci ba ne. Yarinyar da aka daɗe ana zargi tana buƙatar jin wannan kafin ta shiga ɗakin jarrabawa. Allah ya ba ta sa'a, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.