Sati Uku a Garejin Oga Nelson

Makera, 4 ga Satumba

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki a Suleja? Anti Maryam ce za ta kawo maka wannan. Ban kira ba saboda wayar gidan nan ɗaya ce, kuma tana aljihun Baba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Inna. Baba ba ya gani sosai. Tun farkon damina ba rakiya nake masa zuwa gonakin Kakau ba, ni nake duba masa hanya. Ina zaune a gefensa ina cewa dama, hagu, ga rami, ga mai keke. Ya sa na yi alkawarin yin shiru.

Ran Litinin na makara da magana, motarsa a-kori-kura ta faɗa kwazazzabo, ƙasanta ya bugu. Baba ya ce wa mutane wai motar ce ta yi ƙasa da yawa. Oga Nelson bakanike ya ba shi zaɓi biyu. Ko a ɗaga gaban motar, aikin yini ɗaya. Ko a kwance ƙafafun gaba gaba ɗaya a sa dogon aksil mai haɗe tayoyin biyu, yana da wani tsoho a garejinsa. Wannan sati uku ne, da walda da gyaran sitiyari.

Ba na iya cin abinci. Me zan yi?

Ƙanwarka,
Dije

Suleja, 8 ga Satumba

Dije 'yar kurma,

Wa alaikumus salam. Ashe kina da baki, a takarda kika ɓoye shi.

Na karanta sau uku. Na kira Baba na yi masa zancen mota kawai. Ya ce ɗagawa zai yi, masara ba ta jiran walda. Na ce ya yake jin idonsa, ya ce daga nan yana hango wauta a fuskata, ya kashe waya.

A gaskiya aksil ya fi dacewa da waccan hanyar, ba ya tsoron rami. Ɗagawa tana cinye shaf, ƙarfen da ke juya taya, kuma mota mai tsayi da lodi a baya tana layi a kwana. Amma kin san Baba. An ba ni hutu ranar ashirin da takwas, zan zo in kai shi asibitin ido ko da faɗa. Kafin nan kada ki ƙara shiga motar nan. Kin ji ni?

Ki gaida Inna.

Lawal

Makera, 11 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ka ce kada in shiga. In ban shiga ba shi kaɗai zai tafi. Na gwada ran Talata, na ce cikina ke ciwo. Ya ɗauki makulli ya fita, sai na bi shi a guje ba takalmi.

A mahaɗar Kudenda wata mata ta tsallaka da goyo. Na yi ihu, ya taka birki, buhu biyu suka zubo. Matar ta ce, "Baba, makaho ne kai?" Muka ɗora buhunan, Baba ya ja mota. Can ya ce, "Dije, in an ɗaga ta zan riƙa hango nesa."

Yaya, jiya na sa bulo biyu na hau a tsakar gida don in gwada tsayin da za a ƙara. Na tuna yadda bonet, murfin injin, ke rufe min hanya ko yanzu. In aka ɗaga, abin da ke kusa da taya ni ma ba zan gan shi ba.

Gobe za mu kai ta gareji. Baba ya ce ni zan shiga in faɗa wa Oga Nelson a ɗaga, shi zai wuce masallaci. Ba ya son shiga, ƙarafa sun yi yawa a ƙasa.

Ka sa mu a addu'a.

Dije

Makera, 12 ga Satumba

Yaya,

Salam. Na shiga. Na daɗe a tsaye har Oga Nelson ya ce, "'Yar Malam, an aiko ki ne ko kin zo koyon aiki?"

Na ce aksil.

Ya dube ni, ya dubi hanyar masallaci. Ya ce, "Shi ya faɗa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Shekara ashirin muna tare. Watan jiya ya wuce ni a Kakuri ina ɗaga masa hannu." Ya ɗauki sifana. Kafin la'asar an kwance tayoyin gaba, suna ƙasa. Sati uku ke nan Baba ba zai tuƙa ba, har ka zo.

Baba na jiran mota gobe da safe. Da bakina zan faɗa masa, ba zan bari ya ji a gareji ba.

Kada ka wuce ashirin da takwas.

Ƙanwarka,
Dije