Sulallan Baba a kan sikelin maƙeri

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan kalau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. To, gaisuwa ta ƙare, sai ka gyara zama, don ba yabonka ne ya sa na ɗauko biro ba.

Auta ya gaya min kai ka buga masa waya, ka ce azurfa ta yi tsada a duniya, a kwashe tsoffin sulallan Baba a sayar kafin farashi ya faɗi. Sannu, mai karatu! Ka manta yadda marigayi yake ajiye su? Kowanne da ɗan ambulan ɗinsa, ya rubuta shekararsa da inda ya samo shi, ko riƙewa ba ya bari mu yi sai ta gefe-gefe. Shekara talatin yana tarawa, kai ka watsar a minti biyar na waya, ko ni babbarku ba ka shawarta ba.

Bari ka ji aikin da ɗan'uwan naka ya yi. Da ya zazzage su ya ga sun yi baƙi, sai gogan ya zauna bakin famfo da toka da soson waya, ya dirje su tas, wai don su yi kyan gani. Sannan ya kai wa dattijon nan abokin Baba, mai sayen tsoffin kuɗi a bayan masu gyaran agogo. Bawan Allah ya ɗora gilashinsa a kan guda ɗaya, ya ajiye, ya riƙe kai. Ya ce wannan baƙin shi ne shaidar tsufansu, shi masu tarawa suke biya da tsada. Yanzu an kankare shi, duk sun yi zane-zane, ba zai iya saya ba. Maimakon Auta ya nemo ni, sai ya zarce wurin maƙeri, aka juye su a sikeli kamar tsoffin cokula, aka ba shi kuɗin nauyi.

Ni fa shekarata ashirin a kasuwa, ban taɓa sayar da leshi a farashin tsumma ba. Ina jin labari na rufe shago na bi sawu. Na tarar an riga an narkar da fiye da rabi, sun koma wani ɗan curi kamar guntun sabulu. Raina yana tafasa, amma ban nuna wa maƙerin komai ba. Na yi ta taya zobe, in kushe wannan in kushe wancan, can sai na ce ko zai sayar min da ragowar ƙarafunan da ke cikin kwano in yi wa 'yata abin wuya. Ya auna ya ɗora 'yar ribarsa, yana murna ya samu wawiya.

Suna hannuna yanzu, kuma kada in ji ka ce a raba. Ku kun sayar a kan nauyi, ni na saya a kan nauyi, magana ta ƙare. Ambulan ɗin ma a kwandon shara na tsince su, na zauna ina mayar da kowane sule gidansa. Cikin ambulan ɗin da suka rage ba komai a ciki, akwai ɗaya da na nemi sulensa har sau uku ban gani ba, wuta ta cinye. Shi ne na sako maka cikin wasiƙar nan. Karanta abin da Baba ya rubuta a bayansa da hannunsa: ya same shi a canji ranar da aka haife ka, ya ajiye maka. Ka auna takardar ka ga nawa za ta yi.

Mama tana gaishe ka, ban gaya mata ba tukuna. Ka gaida mai ɗakinka, da takwarata, da ƙaramin mai rigima. Auta ma yana gaisuwa, daga nesa, don har yau bai yarda mun haɗa ido ba.

Yayarka,
mai shagon yadi