Waken da Aka Tuge a Cikin Auduga

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara duka. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta sa ni gaba. Goggo tana nan, kunne ya ƙara nauyi amma baki bai ragu ba. Matar Babba ta sauka, an sami mace, ita da jaririyar suna cikin ƙoshin lafiya. Telan bakin layi ne ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Maganar ɗanka ce, wanda ka turo wai ya kama mini aikin gona tunda na tsufa. Ban roƙe ka ba, amma na karɓe shi hannu biyu, na ba shi ɗakin da ke kusa da rumbu. Ba malalaci ba ne, wannan kam zan faɗa. Tambaya ce dai ba ya yi. Ka san yadda nake shuka tun kafin a haife shi. Auduga layi biyu, wake layi ɗaya a tsakani, kuɓewa kuma a kewaye ta bakin gona. Kuɓewar nan ba ta miya ba ce, ta tsutsa ce. Ina shuka ta da wuri don ta riga auduga fure, tsutsa ta je can ta sauka, ni kuma kullum safe in bi in tsinke wadda ta huda in watsa wa kaji. Wake yana rufe ƙasa, ciyawa ta rasa wuri, laima ta daɗe, kuma yana tara ƙananan ƙwarin nan jajaye masu ɗigo-ɗigo da ke cinye masu tsotse ganye. A lambu ma haka nake yi, albasa tsakanin tumatir, masara a gefe tana tare wa barkono iska.

To, gwiwa ta kwantar da ni kwana tara. Ashe shi kuwa ya leƙa gona ya ga ta yi masa datti. Ya ɗauko 'yan ƙwadago shida, ya ce duk abin da ba auduga ba su cire. Wani dattijo a cikinsu ya ce masa anya waken nan ba da gangan aka shuka shi ba, ga shi a layi. Ɗanka ya ce masa shi ya yi karatun abin, gona ba kasuwa ba ce da za a baza komai da komai. Wake yana fure, Auta. Suka tuge shi tas, har da kuɓewar, suka ɗaure suka kai wa tumakinsu. Da yamma ya shigo ɗakina yana murmushi, wai in na warke zan tarar da gona kamar an bi ta da tsintsiya. Ranar da na dogara sanda na je, na tsaya a bakin gona ina kallon auduga ita kaɗai. Shi ya ɗauka daɗi ne ya hana ni magana.

Ba a yi sati biyu ba tsutsa ta faɗa wa auduga, tunda an ɗauke mata kwanonta. Ɗanka ya yi feshi sau biyu, a banza. Sai ya kirawo malamin gona. Malamin ya zagaya hannu a baya, ya ce ai matsalar ita ce an bar auduga ita kaɗai, wai akwai sabuwar dabara ta haɗa shuka, a sa kuɓewa a gefe, wake a tsakani. Har ya ciro waya ya nuna mini hoton wata gona, yana tambayata a hankali ko na gane, kamar mai magana da Goggo. Ɗanka yana gefe yana gyaɗa kai yana rubutawa a littafi. Na ce wa malamin na gane, in kuma yana son labarin irinta ba a waya ba, ya je ya tambayi tumakin 'yan ƙwadago.

Audugar bana ta tafi, kuma ba ita ta sa na zauna a shagon tela ba, na ga shekarun da suka fi wannan muni. Waken ne. Ba na kasuwa ba ne, na marigayiya maiɗakina ne. Shekara talatin da wani abu tana bin layi tana zaɓen iri daga wanda ya tsaya bai yi yaɗo ba. Na kasuwa in ka sa shi cikin auduga sai ya haye ta ya shaƙe. Nata iya gwiwa yake tsayawa, ya nuna kafin auduga ta buɗe. Ɗanka ya ce in kwantar da hankalina zai sayo mini buhu guda. Na tambaye shi a wace rumfa ake sayar da shekara talatin. Za ka ce me ya hana ni ajiye wani. Na ajiye, ƙwari suka cinye, don ban iya cuɗa shi da toka yadda take yi ba. Wannan laifina ne, ba sai ka rubuto ka faɗa mini ba. Na bi maƙwabtan da ta taɓa ba wa gida-gida, wasu sun cinye, wasu sun gauraya shi da wani.

Saura wuri ɗaya. Shekarar da kuka zo duba ta, ta cika wa maiɗakinka kwalba guda, wai ta shuka a bayan gida. Ni na so in hana, na ce a tukunya zai ƙare. Maiɗakinka ta ji, kuma tun ranar ba ta ƙara gaishe ni da sakin fuska ba. Ka gaya mata na janye maganar. Tela ya ɗago kai ya dube ni, na ce masa ya rubuta kawai. In waken yana nan, ko cikin tafin hannu ne, a aiko mini. Shekararsa uku ke nan, in ya ƙara ɗaya ba zai tsiro ba. Zan sa shi a lambu kusa da rijiya in tara iri kafin damina. Ka ba direban da ke kawo wa masu shago kaya, a toshe bakin kwalbar da kyau, kada ya ajiye shi inda zafin inji zai dafa shi. Ɗanka kuma ban kore shi ba, kwana biyun nan dai ba ya iya haɗa ido da ni. Kada ka kira shi ka yi masa faɗa, ni na ishe shi.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka gaida 'Yar-Baba da Ƙarami, da surukinka mai gyaran agogo. Goggo da Babba suna gaishe ku. In kuma an riga an dafa waken, kada ka yi mini dogon bayani, kada kuma ka zuba na kasuwa a ciki don ka faranta mini, kallo ɗaya zan yi masa in gane. Ka ba direban kwalbar haka nan, babu komai a ciki. Ita ma ta marigayiya ce.

Ni ne naka,
Yayanka.