Wutar da ta yi sallama

Daren Talata, sabuwar shekarar 'yan China.

Kwana uku ina cika wa Yaya Falmata baki cewa bakin kogi zan kai ta, can gaba inda wasan wuta ke fashewa a saman kan mutum. Ta taso daga Maiduguri sarin kaya, ta tarar da kasuwar Canaan ta nan China a rufe saboda hutu, na ce bari ko kallo ta samu.

Da la'asar wani maƙwabci ya fasa 'yar ƙaramar wutar wasa a lungu. Kafin in juya Yaya ta kife a ƙasa, hannu a ka, shayi ya malale. Da ta tashi sai ta hau ba ni haƙuri. Ita ke ba ni haƙuri! Kunya ta kama ni, na manta daga inda ta fito.

Na roƙi laoban, matar da ke da gidanmu, makullin saman bene. Ta fara da "mayo, mayo", wai babu. Da na kwatanta mata faɗuwar Yaya sai ta miƙo makullin.

Da dare muka hau. Daga saman, kogin da nisa. Haske ke fara tashi, ƙarar ta iso daga baya a gajiye. Yaya ta damƙe hannuna, can ta sassauta.

Ta ce, "Hauwa, a gida ƙara ke fara zuwa, sannan a tambayi wa aka rasa. Wannan kuwa sai ta yi sallama take shigowa."

Har yanzu shatin farcenta na hannuna.