Sifana Mai Lamba Goma

Litinin, 3 ga Maris
Sifana mai lamba goma ba ta kan allo. Kowane ƙarfen aiki a rumfarmu ta jiragen sama akwai inuwarsa da aka zana da jan fenti, idan aka tashi aiki inuwa ɗaya ta zauna fayau, ba jirgin da zai motsa sai an gano. Babana ya koya mini wannan tun kamfanin nan yana da sunansa na farko, kafin a saye shi a haɗe shi sau huɗu. Shekara talatin da takwas ko noti ban taɓa ɓatarwa ba. Yau na tsaya gaban allon da jikina in rufe gurbin, har Gaskell, ogan rumfar, ya sa hannu ya wuce.

Talata, 4 ga Maris
Na kawo tawa ta gida na rataye. Ta zauna daram. Kaicona.

Laraba, 5 ga Maris
Ranar Litinin cikin fiffiken hagu na jirgin yaƙin nan na yi aiki, wannan na sani. Ko na fito da ita? Na juya kaina, babu. Kamar an goge allo da tsumma. Juma'a matuƙinmu Alasdair zai gwada tashi da shi, masu saye daga ƙasar waje na zuwa kallo. Ya same ni wajen shayi, ya dafa kafaɗata: "Tsoho, in kai ka ɗaure, ido rufe zan hau." 'Ya'yansa biyu, ƙaramar ko makaranta ba ta shiga ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na faɗa wa Gaskell. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya kalle ni ya ce, "Kai, Clifford? Da wani ne sai in ce giya." An ɗage tashin. Daga babban ofis waya sai ruri take.

Asabar, 8 ga Maris
Kwana biyu suna kwance fiffiken. Mutum goma sha ɗaya, ba hutun mako, saboda ni. Ba su samu komai ba. An ce in zauna gida tukuna, likitan kamfani zai kira. Ba wanda ya tsokane ni da na zo fita, su da ko tari ka yi sai sun yi maka waƙa. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Lahadi, 9 ga Maris
Matata Glenys ta ajiye mini sifanar kusa da farantin ƙwai. Da sanyinta. A firji ta gan ta, bayan man shanu, tun Talata. Ba ta san ta aiki ba ce, ni kuma ban gaya mata dalilin zamana a gida ba.
Na ce wa ya sa ta can? Ta ce, "Wanda ya sa makullin mota a tukunya watan jiya. Da tabarau a kwandon shara. Ni ke bi ina kwashewa, Cliff, tun bara." Shekara talatin da biyar da aure, yau na fara ganin tana tsoron kallona. Ni ma tsoro nake ji, ƙwarai.

Laraba, 12 ga Maris
Jirgin ya tashi, na ji ƙararsa daga bayan gida. Lafiya lau. Ban fita na duba ba.

Litinin, 17 ga Maris
Ba abin da ke damuna, gajiya ce. Zaman banza ne ya ishe ni, na samo ragowar jan fenti na buga allo a kicin. Makullai, tabarau, almakashi, kowanne da inuwarsa. Kofina da nata ma. Ƙarƙashin nata na rubuta Glenys da manyan baƙaƙe. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce na mene ne sunan? Na ce ado ne kawai.